Yadda Ake Gano Ɓacin Sensar Zafi a Tukunyar Suya da Iska

Gabatarwa

Daga cikin kayan girki na zamani da suka sami karɓuwa a gidaje akwai tukunyar suya da iska, wadda 'yan kasuwa ke kira eya-firaya. Kamfanin Philips ne ya fara baje kolinta a birnin Balin na ƙasar Jamus a shekarar 2010, bisa ƙirƙirar wani injiniya ɗan ƙasar Holan mai suna Fred van der Weij. A yau ana samun ta a kantunan manyan birane, har ta fara shiga kayan ɗakin amare. Abin da ya jawo mata farin jini shi ne tana soya dankali da kaza da kifi da mai ɗan kaɗan.

To, amma kowace na'ura tana da ranar da za ta ƙi aiki. Uwargida ta zuba kaza a kwando, ta saita digiri 180, sai tukunya ta yi ƙara, ta nuna E1 a fuskarta, ta tsaya cik. Wani lokaci kuma ba ta nuna komai ba, sai dai nama ya fito a ƙone, ko ya fito da jini a cikinsa. Idan aka kai ta wurin mai gyara, hukuncin da aka fi saurin yankewa shi ne sensa ce ta lalace. Sai a canja, a biya kuɗi, bayan kwana biyu matsala ta dawo. Mafi muni shi ne a tsallake abin da aka sa don kariya domin tukunya ta ci gaba da aiki, wanda hakan kan iya jawo gobara.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ɓacin sensa abu ne da ake tabbatarwa da awo da lissafi, kuma ilmin da ake bukata bai wuce abin da ake koyarwa a darasin fiziks na babbar sakandare ba.

Yadda tukunyar ke aiki

Tukunyar suya da iska ƙaramar tanda ce ta lantarki. Muhimman sassanta huɗu ne. Na farko shi ne hita, wato murɗaɗɗen bututun ƙarfe da ke saman kwando. A cikinsa akwai siririyar waya ta nikurom, haɗin ƙarfen nikel da kuromiyam, wanda Albert Marsh ya yi wa rajistar mallaka a Amurka a shekarar 1906. Wannan waya tana turjewa kwararar lantarki, turjiyar kuwa ita ke haifar da zafi, kamar yadda James Prescott Joule ya bayyana a Ingila a farkon shekarun 1840. Na biyu shi ne fanka, wadda ke bayan hita tana hura iska mai zafi a kan abinci. Na uku shi ne sensa, mai jin zafin iskar. Na huɗu shi ne fanel, allon da ke ɗauke da 'yar ƙaramar kwamfuta da wani makunni mai sarrafa kansa da ake kira rile.

Domin a fahimci dangantakar waɗannan sassa, a dubi mai tuyar ƙosai. Kafin ta fara tuya sai ta ɗiga ɗan ƙullu a cikin mai. Idan ya nutse ya kwanta, ta san mai bai yi zafi ba, sai ta iza wuta. Idan ya yi baƙi nan take, sai ta zare itace. Ɗigon ƙullun nan shi ne sensarta, hankalinta shi ne fanel, hannun da ke iza wuta ko zare itace kuma shi ne rile. Haka tukunyar ke yi ba tsayawa: sensa ta kai rahoto, kwamfuta ta kwatanta shi da abin da aka saita, rile ya kunna hita ko ya kashe ta. Wannan ne ya sa ake jin 'yar ƙarar "ƙas" jefi-jefi yayin da ake girki.

Daidaiton zafin nan yana da muhimmanci ga lafiya. Jan da suya ke yi da ƙamshinta suna fitowa ne daga haɗuwar sukari da sinadaran furotin, abin da masanin nan na Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, kuma haɗuwar tana ƙarfi ne daga wajen digiri 140 a ma'aunin Salshiyas. Idan zafi ya yi yawa, dankali da sauran abinci masu sitaci sukan tara wani sinadari mai suna akirilamaid, wanda masana a Suwidin suka sanar da samunsa a soyayyen abinci a 2002, kuma ana zarginsa da haddasa ciwon daji. Idan kuwa zafi ya gaza, tsakiyar naman kaza ba za ta kai digiri 74 da ake bukata don kashe ƙwayoyin cuta irin su salmonela ba.

Mece ce sensar zafi?

A tukunyar da ake saitawa da murɗa maɓalli, yawanci tamostat ne ke kula da zafi. Shi kuwa ƙarafa biyu ne da aka manne, ɗaya ya fi ɗaya saurin miƙewa idan ya ji zafi, don haka sai su lanƙwashe su yanke wuta. A tukunya mai fuskar lambobi kuwa, wadda ita ce abin dubawa a nan, sensar da aka fi amfani da ita ita ce tamista. Tamista 'yar ƙwaya ce da ba ta kai ƙwayar dawa ba, an yi ta da gasasshen garin ma'adinan manganis da nikel da kobalt, an rufe ta da gilashi, an sa ta a cikin ɗan bututun ƙarfe da ke leƙowa kusa da hita. Wayoyi biyu sirara ne ke haɗa ta da fanel.

Turjiyar ƙarfe irin su tagulla ƙaruwa take yi idan ya yi zafi. Ta wannan irin tamista kuwa raguwa take yi. Michael Faraday ne ya fara lura da irin wannan hali a 1833, a wani sinadari na azurfa da farar wuta, sannan Samuel Ruben ya ƙera tamistar da za a iya sayarwa a 1930. Dalilin raguwar shi ne, a irin waɗannan sinadarai yawancin ilektiron a ɗaure suke lokacin sanyi. Zafi ne ke kwance su, kuma gwargwadon yawan waɗanda aka kwance, gwargwadon sauƙin da lantarki zai samu wajen ratsawa.

Ana auna turjiya da om, sunan da aka ɗauko daga Georg Simon Ohm na Jamus, wanda ya wallafa dokarsa a 1827. Kowace tamista tana da lambobi biyu da ke bayyana halinta: turjiyarta a digiri 25, da wata lamba da ake kira B, mai nuna saurin faɗuwar turjiyar. Ƙa'idar lissafin ita ce R = R25 × e^[B(1/T − 1/298)], inda T yake nufin zafi a ma'aunin Kelbin, wato digirin Salshiyas a tara da 273. Wata tamista da ta yawaita a kayan girki ita ce mai om 100,000 da B 3950. Idan aka bi ƙa'idar, ga abin da za ta nuna, a ƙiyasce:

A digiri 0, om 336,000.
A digiri 15, om 158,000.
A digiri 25, om 100,000.
A digiri 38, om 57,500.
A digiri 100, om 7,000.
A digiri 180, om 1,080.
A digiri 200, om 745.

Mai karatu zai lura cewa faɗuwar ba a miƙe take ba. A kusa da digiri 25, ƙarin digiri ɗaya yana rage turjiya da fiye da om 4,000. A kusa da digiri 190 kuwa, ƙarin digiri ɗaya ba ya rage abin da ya kai om 20. Wannan bambanci zai yi amfani a gaba.

Kwamfutar da ke kan fanel ba ta karanta om kai tsaye, ƙarfin lantarki take karantawa. Saboda haka ake jera tamista da wata razista mai turjiya tsayayya, a ba su ƙaramar wuta, su raba ta tsakaninsu. Alal misali, a ce wutar bolt 5 ce, razistar kuma om 10,000 ce, kuma a kanta ake ɗaukar awo. A digiri 25 kwamfuta za ta ga 5 × 10,000 ÷ 110,000, wato bolt 0.45. A digiri 100 za ta ga kimanin bolt 2.9, a digiri 180 kuma bolt 4.5. Kamfanoni sun bambanta wajen zaɓen lambobin, amma dabarar ɗaya ce. Abin lura a nan shi ne, kwamfuta ba ta san zafin da ke cikin tukunya ba. Abin da ya iso gare ta ta waya shi kaɗai ta sani.

Ire-iren ɓaci guda uku

Na farko shi ne tsinkewa. Idan ƙwayar tamista ta fashe, ko wayarta ta katse, ko bakin mahaɗinta ya zare daga fanel, turjiya ta zama ba iyaka, a misalin da ya gabata kwamfuta za ta ga bolt 0. Ma'anar wannan a wurinta shi ne sanyin da ya wuce hankali. Da za ta gaskata, da sai ta bar hita a kunne har tukunya ta narke. Don haka aka tsara ta ta ƙi amincewa da irin wannan rahoto, ta kashe hita, ta nuna alamar kuskure.

Na biyu shi ne haɗewa. Idan rigar wayoyin biyu ta ƙone suka taɓa juna, turjiya ta koma kusan sifiri, kwamfuta za ta ga bolt 5 cif, kamar zafi ya kai maƙura. Nan ma sai ta kashe hita ta nuna alama. A tukwane da yawa E1 da E2 ne ke wakiltar waɗannan ɓaci biyu, amma ba duk kamfanoni ne suka yi ittifaƙi a kan ma'anarsu ba. Littafin da ya zo da tukunya shi ne alƙali.

Na uku shi ne karkacewa, kuma shi ya fi haɗari, domin ba ya nuna alama. Sensa tana kai rahoto, rahoton bai fita daga iyakar hankali ba, amma ba gaskiya ba ne. Tsufa yana jawo haka, danshi ma yana jawowa, haka kuma tsatsa a bakin mahaɗi. A ɗauka tsatsa ta ƙara om 300 a kan hanya. Idan tukunya tana sanye, om 300 a kan 100,000 ba ya ko motsa awo. Amma idan aka saita digiri 180, kwamfuta za ta jira sai ta ga jimillar om 1,080 kafin ta kashe hita. Ke nan sai tamista ta sauko zuwa om 780, wanda ba ya faruwa sai zafi ya kai wajen digiri 197. Fuskar tukunya tana cewa 180, abinci kuwa yana shan 197. Tamistar lafiyarta lau, laifin na tsatsa ne.

Matsalolin da ke kama da ɓacin sensa

Akwai abubuwa da dama da ke sa a ɗora wa sensa laifin da ba nata ba. Na farkonsu shi ne raunin wuta. Hita mai wat 1,500 da aka yi don bolt 230 tana da turjiyar kimanin om 35, tana kuma jan amfa 6.5. Da yake ƙarfin zafinta yana tafiya ne da bolt sau bolt a raba da turjiya, idan wuta ta sauka zuwa bolt 180, abin da za ta bayar bai fi wat 920 ba, wato ta rasa kusan kashi biyu cikin biyar. Abinci zai daɗe bai soyu ba alhali sensa ba ta yi kuskure ba. Haka nan ƙaramin janareta da bai kai wat 1,000 ba ba zai iya ɗaukar wannan tukunya ba.

Na biyu shi ne tukunyar da aka yi don wata ƙasa. Wutar gidaje a Amurka bolt 120 ce, a Nijeriya da Nijar kuwa tsakanin 220 da 230. Hita mai wat 1,500 ta Amurka turjiyarta om 9.6 ce kacal. Idan aka jona ta a bolt 230 za ta nemi fitar da wat 5,500, fiye da ninki uku da rabi na abin da aka yi ta dominsa. Wanda ya sayi tukunya ta hannu, ko aka kawo masa tsaraba daga waje, ya fara karanta takardar da ke manne a ƙasanta.

Na uku shi ne fanka da hanyoyin iska. Idan fanka ta tsaya, ko aka jingina bayan tukunya da bango, ko maiƙo da ƙurar hunturu suka toshe ramukanta, zafi zai taru a sama kusa da sensa. Sensa za ta faɗi gaskiya cewa wurinta ya yi zafi, hita ta mutu da wuri, abinci a ƙasa bai dahu ba. Maiƙon da ya daskare a jikin sensa shi ma yana jinkirta isar zafi gare ta, sai hita ta zarce kafin labari ya kai.

Na huɗu shi ne rile. Bakinsa yana tartsatsi a duk lokacin da ya buɗe ko ya rufe, kuma yakan kai ga narkewa ya manne. Idan haka ta faru, kwamfuta ta ba da umurnin kashewa amma hita ba ta mutu ba. Na biyar shi ne ɗan makunnin da kwando ke dannawa idan an tura shi ciki. Idan ya sassauta, tukunya za ta ɗauka kwando a waje yake, ta ƙi tashi.

Matakan bincike

Ƙa'idar mai bincike ita ce ya fara da abu mai sauƙi wanda ba ya bukatar kwance komai. A zare filogi, a bar tukunya ta huce sarai, a mayar. Idan alamar kuskure ta tafi ba ta dawo ba, mai yiwuwa zafi ne ya taru. A duba soket, a guji jona ta a siririyar wayar ƙari tare da wasu kayan wuta. A tabbatar kwando ya shiga daidai. A saurari fanka. A kifa tukunya bayan an zare filogi, a goge hita da sensa da tsumma mai ɗan danshi, ba tare da an lanƙwasa sensar ba, sannan a bar ta ta bushe.

Mataki na biyu shi ne neman shaida ta biyu. A sa ma'aunin zafi irin na tanda a cikin kwando, a saita digiri 180, a jira kamar minti goma. Hawa da saukar 'yan digiri ba laifi ba ne, domin hita kunnawa da kashewa take yi. Amma idan ma'auni ya tsaya nesa da abin da aka saita a kowane gwaji, to akwai abin bincike.

Mataki na uku shi ne awo da mita, kuma a nan ne ake buɗe tukunya. Idan garantinta bai ƙare ba, a mayar da ita wurin da aka saya, domin buɗewa kan soke garanti. Ɗalibi kada ya yi wannan aiki sai da malami ko ƙwararren mai gyara. Filogi ya kasance a zare kuma a gaban ido, domin kashe maɓalli kawai ba ya raba fanel da wutar gida. A jira 'yan mintoci, saboda akwai sassan da ke riƙe caji na ɗan lokaci. Kafin a zare kowace waya a ɗauki hotonta ko a zana inda take.

A bi sirarun wayoyi biyu daga sensa zuwa fanel da ido, a nemi ƙuna ko karaya ko tsatsa. Sai a zare mahaɗin daga fanel. Wannan wajibi ne, domin idan aka auna tamista tana jone, mita za ta haɗa da turjiyar sauran sassa. A saita mita a kan om, a zaɓi zangon da ya fi abin da ake tsammani, a ɗora bakunanta biyu a kan wayoyin. Kada yatsu su taɓa ƙarfen, domin jikin mutum ma hanya ce ta lantarki. Idan, alal misali, turjiyar jiki daga hannu zuwa hannu om 200,000 ce, za ta sa tamista mai om 100,000 ta nuna kimanin 67,000.

Idan mita ta nuna alamar wuce iyaka a kowane zango, tsinkewa ce. Idan ta nuna sifiri ko 'yan om kaɗan, haɗewa ce. Idan kuwa ta nuna wata lamba a tsakani, kada a yi gaggawa, domin a nan ne gizo ke saƙa. Lambar om 100,000 ta digiri 25 ce. A Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, shagon mai gyara yana iya kai digiri 38 a watan Afrilu, kuma lafiyayyar tamista za ta nuna om 57,500 ne a wurin. Ita ɗin dai, da sanyin safiyar Janairu mai digiri 15, za ta nuna 158,000. Wanda bai san wannan ba zai jefar da sensa mai kyau yana cewa ta rasa rabin ƙarfinta. Saboda haka a auna zafin ɗaki tukuna, sannan a kwatanta da jadawali.

Bayan haka a gwada motsinta. A riƙe kan sensa da yatsu idan ɗaki da sanyi, ko a hura mata iskar busar da gashi, ana kallon mita. Lamba ta riƙa sauka a hankali ba tsalle, idan an daina kuma ta riƙa hawa. A girgiza wayoyin kaɗan. Idan lamba ta yi tsalle ko ta ɓace ta dawo, akwai karaya a cikin rigar waya, irin wadda ke buɗewa sai tukunya ta yi zafi. Ita ce ke sa alamar kuskure ta fito a tsakiyar girki ta ɓace bayan an huce.

Idan sensa ta ci wannan jarrabawa, a bar ta a inda take, a goge bakin mahaɗinta, a koma kan sauran. Hita mai wat 1,500 ta nuna kusan om 35. Makunnin kwando ya nuna kusan sifiri idan an danna shi. Fanka ta juya da yatsa ba tare da cijewa ba. Idan duk waɗannan lafiya suke, zargi ya koma kan fanel, wannan kuwa aikin ƙwararre ne.

Idan kuma ta tabbata sensa ce, a sayi wadda lambobinta biyu suka yi daidai da na tsohuwar, mai jure zafin da ya haura digiri 200, da wayoyi masu rigar da ba ta narkewa. Kama a ido ba ta wadatar ba, domin akwai masu om 10,000 da 50,000 da 200,000 masu siffa iri ɗaya. Idan aka sa mai om 50,000 a gurbin mai 100,000, za ta kai om 1,080 tun zafi yana wajen digiri 147, kwamfuta ta kashe hita tana zaton an kai 180. Kaza za ta fito da kyan gani a waje, cikinta kuwa bai nuna ba.

Fis ɗin zafi

Bayan sensa, akwai wani mai gadi na ƙarshe da ake kira fis ɗin zafi. Ɗan bututu ne mai launin azurfa, ana ɓoye shi cikin rigar kariya a kan hanyar wutar hita. A cikinsa akwai wani sinadari da ke narkewa idan zafi ya wuce lambar da aka rubuta a jikinsa, da ya narke kuma sai ya yanke wuta har abada. Lafiyayyen fis yana nuna kusan sifiri a mita, wanda ya ƙone kuwa yana nuna wuce iyaka.

Ƙonewar fis alama ce cewa wani abu ya riga ya lalace, ko fanka, ko rile, ko sensa. Canja shi ba tare da gano dalili ba asarar kuɗi ce, domin sabon ma zai bi sahun tsohon. Haɗe wayoyinsa biyu a tsallake shi kuwa ganganci ne, domin ranar da rile ya manne babu sauran abin da zai hana robar tukunya kamawa da wuta. Sabon fis ya zama mai lambar zafi da ta amfa daidai da tsohon, kuma a matse shi da maɗaurin ƙarfe. Ba a liƙa shi da dalma, domin zafin ƙarfen liƙi yana iya narkar da shi tun bai fara aiki ba. Matsewar ma ta yi ƙarfi, domin sako-sakon haɗi yana zafi da kansa. A watan Fabrairun 2023 an janye tukwane kimanin miliyan 2 na Cosori daga hannun masu saye a Amurka, saboda wani haɗin waya da ke iya yin zafi fiye da kima.

Gwaji don ɗakin kimiyya

Malami yana iya nuna duk wannan ba tare da an taɓa wutar gida ba. Abubuwan bukata su ne tamista ɗaya, mita, ma'aunin zafi, ƙanƙara, ruwan zafi, kofi da 'yar leda. A sa tamista a cikin leda don kada ruwa ya haɗe wayoyinta, a tsoma ta tare da ma'auni a ruwan ƙanƙara, a jira lamba ta tsaya, a rubuta. A riƙa ƙara ruwan zafi ana motsawa, ana rubuta turjiya a kowane ƙarin digiri 10. Ɗalibai su zana jadawalin turjiya da zafi, za su ga lanƙwasasshen layi mai gangarowa da sauri. Daga awo biyu kacal za su iya lissafa lambar B. Idan za a yi amfani da tafasasshen ruwa, a tuna cewa digiri 100 na bakin teku ne. A Kano ruwa yana tafasa a wajen digiri 98, a Jos kuma wajen 96, saboda tudu. Daga nan sai a jera razista mai om 300 da tamistar, a sake awo a sanyi da kuma a zafi, ɗalibai su lissafa kashi nawa cikin ɗari ta ƙara a kowane wuri.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa alamar E1 ko E2 tana nuna cewa rahoton da ya isa fanel bai shiga hankali ba, amma ba ta faɗi inda laifin yake ba. Yana iya zama a tamista, ko a waya, ko a mahaɗi, ko a fanel ɗin kansa. An kuma ga cewa ɓacin da ba ya nuna alama ya fi wanda ke nunawa haɗari. Mai bincike na gari yana fara lissafa abin da ya kamata mita ta nuna a zafin ɗakin da yake, sannan ya auna, sannan ya yanke hukunci. Irin wannan tamista tana cikin firji da na'urar sanyaya ɗaki da batirin wayar salula da injin mota da injin ƙyanƙyasar ƙwai. Ɗalibin da ya iya bin diddiginta a tukunyar suya zai iya bin diddiginta a cikin waɗannan ma.